Babi na Shida: Akwatin Ƙyanƙyasa da Jinyar Kaza a Gida

Iyayena da 'yan'uwana na aji, assalamu alaikum. A wannan babi za mu haɗa akwatin da zai yi wa ƙwai kwanci a maimakon kaza, daga baya mu duba jinyar kazar da ta ji rauni. Wanda karatunsa bai nuna ba tukuna ya sa ɗansa ko jikansa ya karanta masa, shi kuma ya riƙa bin layi da yatsa. Ba abin kunya ba ne. Yawancinku kun fi ni sanin kaza. Lamba da lissafin kwana ne kawai suka rage muku, su kuma za mu bi su sannu a hankali.

Kazar gida in ta kwanta a kan ƙwai, sati uku ba ta yin wani ƙwan, in ta ƙyanƙyashe kuma sai ta yi wata biyu ko fiye tana yawo da 'ya'ya. In akwati ya karɓi aikin kwanci, ita sai ta koma saka ƙwai da wuri. A gidajen haya na unguwannin Aboabo da Asawase a nan Kumasi, inda tsakar gida ɗaya ta mutum ashirin ce, akwatin ba ya cin wuri. Kan tebur ma ya ishe shi.

Darasi na 1: Kayan aiki

Ku nemi farin akwatin nan marar nauyi da masu sayar da daskararren kifi ke zubarwa, ko tsohuwar kula mai murfi. A wanke da sabulu, a shanya a rana har ƙarnin ya fita. Wanda zai ɗauki ƙwai 20 zuwa 30 ya isa. Kada ku fara da babba.

Sai abin ba da zafi. Da can ƙwan fitila mai jan haske ake sawa, amma tun 2008 dokar Gana ta hana shigo da shi da sayar da shi, shi ya sa yake wuyar samu. Farin ƙwan LED da ke ɗakunanmu yanzu haske yake bayarwa, ba ya ba da zafin da ake buƙata. Kada ku ɓata kuɗi a kansa. Ku je Suame Magazin, wurin masu gyara da sayar da kayan mota, ku sayi ƙwan fitilar mota guda biyu, irin na birki, wanda aka rubuta 12V da 21W a gindinsa, tare da mazauninsu. Ku kwafi waɗannan lambobi a takarda ku nuna wa mai shago. Amfaninsu biyu: suna da zafi, kuma da batirin mota suke aiki, don haka in dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, akwatinku bai san an yi ba. Duk wanda ya ga 2015 a Kumasi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ragowar kayan: batirin mota da cajarsa, ƙaramar fankar tsohuwar kwamfuta, ita ma 12V ce, da 'yar na'urar daidaita zafi mai suna W1209 da masu kayan lantarki ke sayarwa. Aikinta ta kashe fitila in zafi ya kai, ta kunna in ya sauka. Sai ma'aunin zafin jiki na kemis, faffaɗan kwano marar zurfi, soso, ragar waya, gwangwanin madara biyu, guntun gilashi, da fensir.

Aiki: kowa ya rubuta 12V sau biyar a littafinsa, ya rubuta 21W sau biyar.

Darasi na 2: Haɗawa

Kwanon ruwa a ƙasa. Raga a bisa kwanon, a dogare ta da katako don kada ta lotsa. A kan ragar ƙwai zai kwanta. A yanke murfi daidai faɗin tafin hannu, a manna gilashi, ta nan za ku riƙa leƙawa ba tare da kun buɗe ba. A huda ƙananan ƙofofi da fensir, huɗu a ƙasa-ƙasa, huɗu a murfi. Ƙwai yana shaƙar iska ta ɓawonsa. In kun toshe ko'ina ɗan tsakon zai mutu a ciki.

Kowace fitila a sa ta cikin gwangwanin da aka hudhuda, a rataye a sama, nesa da bangon akwati. Farin akwatin nan wuta yake jira: in fitila ta taɓa shi zai narke, zai iya kamawa. Fanka ta kasance kusa da fitilu, tana juya iska, ba tana hura ƙwai kai tsaye ba. Bakin wayar na'urar, wato ɗan ƙarfen da ke jin zafi, a ɗaure shi daidai tsayin saman ƙwai.

Haɗa wayoyi kuwa ku kira mai gyaran wutar mota. Aikin minti kaɗan ne a wurinsa. Baba, na san ka taɓa gyara rediyo, amma ka kira shi.

A ajiye akwati inda rana ba ta bugawa, nesa da taga, nesa da kurfoti, inda yara ba sa kaiwa. Ɗakin da rufin kwano ke gasawa da azahar bai dace ba, domin na'urar kashe fitila kawai ta iya, ba ta iya sanyaya akwati ba. A kunna shi babu ƙwai kwana biyu cur, ana duba lamba.

Darasi na 3: Lambar zafi

Ga lambar: 37.5

Mu karanta daga hagu: uku, bakwai, ɗigo, biyar. A sake: uku, bakwai, ɗigo, biyar. Ɗigon nan ba datti ba ne, yana cikin lambar. Ba 35.7 ba, ba 73.5 ba. In ta ɗan motsa tsakanin 37.2 da 37.8 babu laifi. In ta kai 39 ta zauna, a ɗaga murfi kaɗan a nemi dalili. In ta haura 40 ta daɗe, ƙwai ya lalace. Ƙwai yana jure sanyi na ɗan lokaci fiye da yadda yake jure zafin da ya wuce kima.

A gefen lamba za ku ga harafin C. In kun ga F, ma'aunin yana wani lissafi ne, a can 99.5 ake nema. Na'ura mai araha tana iya yin kuskure, don haka ku kwantar da ma'aunin kemis a kan raga, ku gwada su biyun. In sun saɓa, ku bi na kemis.

Aiki: a rubuta 37.5 da manyan lambobi a kwali, a manna a jikin akwati.

Darasi na 4: Zaɓen ƙwai

Ƙwan kiret da ake sayarwa a kasuwar Kejetiya ko a shagon unguwa ba ya ƙyanƙyashewa. Kajin gonar da suka yi shi babu zakara a cikinsu. Ko shekara ya yi a akwati, ba abin da zai fito. Ku nemi ƙwan kajin da ke tare da zakara, zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma.

Kada ƙwan ya wuce kwana bakwai da sakawa. Kafin ya taru, a ajiye shi wuri mai sanyi, ba cikin firji ba, kan mai tsini yana ƙasa. A bar mai tsaga, da ƙarami ainun, da babba ainun, da wanda kashi ya ɓata sosai. Kada a wanke ƙwai. Na san hannun Hajiya ba ya ganin datti ya ƙyale, amma ruwa yana cire abin da ya rufe ƙofofin ɓawo, cuta ta samu hanya. A goge da busasshen tsumma kawai.

Ku zuba ƙwai ranar Juma'a da safe. Lissafin zai yi sauƙi: Juma'a ta gaba kwana 7, ta biyu kwana 14, ta uku kwana 21, ranar fitowa. Ƙwan zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi, na talotalo 28, na agwagwar gida 35. Kada a haɗa su da na kaza a zubi ɗaya.

Darasi na 5: Juya ƙwai

Ku gyara zama. Nan ne mafi yawan ɗalibai ke faɗuwa, ba don wuya ba, sai don aikin kullum ne.

Ɗan tsako yana farawa ne a saman gwaiduwa. In ƙwai ya kwana ya wuni a gefe ɗaya, sai ya manne da ɓawo ya mutu. Kaza tana juya nata da baki sau da yawa a rana, ba wanda ya koya mata. Akwati ba shi da baki. Hannunku ne zai yi.

Kafin a zuba ƙwai, a ɗauki fensir, ba biro ba, ba maka ba. A kwantar da ƙwai. A gefen da ke sama a ja layi biyu su gitta juna: X. A mirgina shi, a ɗaya gefen a zana sifili: O. Kowane ƙwai sai ya samu alama biyu, X a nan, O a can. A jera su duka X yana sama.

Juyi sau uku ne a rana: bayan sallar asuba, bayan azahar, sai da dare kafin a kwanta. In kun tarar da X a sama, ku mayar da O sama. In kun tarar da O, ku mayar da X. Shi ke nan. Bayan kun gama, ku leƙa: duka alama iri ɗaya ce? In kun ga X ɗaya a tsakiyar O, wannan an tsallake shi, a juya shi.

Mu bi shi a hankali. Asabar da asuba kun mayar O sama. Da azahar X. Da dare O. Ƙwai ya kwana a O. Lahadi da asuba X, da azahar O, da dare X. Ƙwai ya kwana a X. Kun gani? Jiya ya kwana a gefe ɗaya, yau a ɗaya gefen. Dare ne lokaci mafi tsawo da ba a taɓa ƙwai, shi ya sa ake son gefen kwana ya riƙa sauyawa. In kun juya sau biyu ko sau huɗu, kullum a gefe ɗaya zai kwana. Mai ƙwazo yana iya yi sau biyar, bayan kowace salla. Uku ko biyar. Ba biyu ba, ba huɗu ba.

A wanke hannu da sabulu a tsane kafin a taɓa, musamman in an fito daga murhu da mai a hannu. A mirgina da yatsu a hankali, ba girgizawa. Wannan karo a mirgina ta dama, karo na gaba a dawo ta hagu, kada a yi ta zagayawa da shi hanya ɗaya. Na gefe a dawo da su tsakiya, na tsakiya su koma gefe. A rufe murfi da wuri, ba a tsaya kiran maƙwabta su zo kallo ba.

Wata Hajiya a ajinmu, mai sayar da waake a bakin titi, ba ta gida da azahar. Ta ƙulla zare ja a igiyar butar alwalar surukarta, ta koya mata X da O. Kullum surukar ta ɗauki buta sai ta ga zaren. Ku yi irin wannan dabara. In za ku biki ko jana'iza, ko da Tafo ne nan kusa, ku ɗora wani a kan aikin kafin ku fita, ku tsaya ya juya a gabanku sau ɗaya.

Ku zana jadawali a kwali: layi 18, kowane layi gida uku. Duk juyi, a ja ɗan layi a gida ɗaya. A ja bayan an juya, ba kafin ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ke raina. Sau da yawa mutum zai zo ya ce, Malam, akwatin nan bai da kyau, ƙwai ya zama bara-gurbi. In ce kawo kwalinka. Sai in ga gidaje fayau, kwana biyu uku ba layi, ko in ga layukan duk an ja su rana ɗaya da fensir ɗaya don a rufe mini baki. Haba jama'a! Ni za ku ruɗa, ko ƙwai? Kun sayi batir, kun biya mai waya, kun tara ƙwai, sannan aikin da bai kai tsawon alwala ba ya gagare ku? Satin farko shi ne mafi haɗari, kuma a cikinsa ne kuke cewa ai yanzu aka fara. In an manta sau ɗaya, ba a fid da rai, a juya da zarar an tuna, a ci gaba. Amma mantuwar kullum sakaci ce, mu kira ta da sunanta.

A karanta da ƙarfi, gaba ɗaya: Asuba, juya. Azahar, juya. Dare, juya. Na ga X, na sa O. Na ga O, na sa X.

A sake.

Darasi na 6: Ruwa da haskawa

Kwanon ƙasa kada ya bushe. Ana son laima, wato jiƙewar iskar cikin akwati, kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko. Da damina iskar Kumasi a jiƙe take, ruwa kaɗan ya isa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kwano yana saurin ƙafewa, a duba kullum. Ruwa mai ɗumi ake ƙarawa, kada ya ɗiga a kan ƙwai. Lokacin juyin asuba shi ne lokacin duba ruwa. Kun juya na yau?

Juma'ar da ƙwai ya cika kwana 7, da dare, a kashe fitilar ɗaki, a ɗora tocilar waya a faffaɗan kan ƙwai. Mai rai za ku ga ɗigo baƙi da jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo. Wanda yake garau ba komai, babu ɗa. Wanda ke da jan zobe ba jijiyoyi, ya fara ya mutu. In kuna shakka, ku sa masa alama ku sake dubawa a kwana 10. Mai wari a fitar da shi nan take kafin ya fashe ya ɓata sauran. In an mayar da ƙwai, a tabbata alamarsa ta yi daidai da ta 'yan'uwansa.

In batir ya mutu kuma ba wuta, a lulluɓe akwati da bargo, a bar ƙofofin iska, a sa kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tsumma a gefe. Awa kaɗan ba sa kashe ƙwai.

Darasi na 7: Kwana ukun ƙarshe

Talatar da ke bin Juma'a ta biyu ita ce kwana 18. Daga ranar an daina juyi. Wanda bai juya ba lokacin da ake roƙonsa, kada ya zo yanzu ya ce zai rama. A shimfiɗa tsumma mai kaushi a kan raga, a ƙara ruwa, a sa jiƙaƙƙen soso don laima ta kai 65 zuwa 70. A rufe, kada a sake buɗewa.

Ɗan tsako in ya huda ɓawo yana iya kai kwana guda kafin ya fito. Kada a ɓare masa, jini zai zuba. A bar shi ya bushe a ciki. Ragowar gwaiduwar da ke cikinsa tana riƙe shi kwana biyu. Sannan a mayar da su kwali mai fitila, zafi wajen 33 a satin farko. In sun cure a ƙarƙashin fitila sanyi suke ji, in sun gudu gefe zafi ya yi yawa. Ruwan sha a murfi marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su nutse. Ba duka ne za su fito ba. In rabi suka fito a zubin farko, ku gode Allah, ku sake duba kwalin juyinku.

Wanda ya fito ƙafafunsa a tale, santsi ne ya jawo. A haɗa ƙafafun da siririn filasta, a bar tazara daidai tsayuwarsa, kwana uku ko huɗu.

Darasi na 8: Rauni

Kare, mage, shirwa, gafiya, ko faɗan zakaru. Farko a ware kazar, domin kaji in sun ga jini sai sun yi ta tsattsaga. A danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. A tafasa ruwa ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce. A rage gashin gefen da almakashi, a wanke, a shafa aidin ko shuɗin maganin nan G.V. na kemis. Safe da yamma. A sa ta a kwando, a rufa da tsohon gidan sauro saboda ƙuda, in ba haka ba tsutsa za ta shiga. Ruwa da abinci kusa da bakinta.

Baƙin mai, kananzir, garin batir: na hana a aji, ina sake hanawa a rubuce. Kuma kada a buɗe kafson mutane a zuba mata ba tare da an tambayi likitan dabbobi ba. In an ba ta magani, a tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwanta ko namanta.

Darasi na 9: Karaya

In ƙashin ƙasan gwiwa ne kuma bai huda fata ba, a miƙe shi a hankali, a naɗa auduga, a sa tsinken katako biyu gefe da gefe, a ɗaure da filasta. In yatsu sun kumbura ko sun yi sanyi, ɗaurin ya matse. Sati uku a ƙaramin akurki. In fiffike ne, a naɗe shi yadda yake kwanciya a ɗaure a jikinta, ban da ƙirji ya matsu.

In aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta take ta, ƙashi ya fito ko ciki ya fashe, kada a wahalar da ita. Sabo da kaza ba ya hana yanka.

Darasi na 10: Ciwo

Wuya ya murɗe, kashi kore, numfashi da ƙyar, kaji suna faɗuwa bi da bi, galibi da hunturu: alamun cutar kaji mai suna Niyukasil ke nan. Ba ya da magani, sai rigakafi. Akwai na ɗigawa a ido mai suna I-2, a tambaya a ofishin likitan dabbobi. In kaji da yawa sun mutu dare ɗaya, a kai rahoto, domin murar tsuntsaye ta shigo Gana a 2007 da 2015 da 2021. Kada a yanka, kada a sayar, kada yara su taɓa. A binne da zurfi.

Aiki: kowa ya zo aji na gaba da kwalin jadawalinsa, a zane, layi 18.